Daga ruwa-ruwa zuwa layin gidan mai: yadda tsadar esansi ta sake tuƙin mutanen kudancin Nijar

A farkon watan Yunin 2023, ranar da aikin tsaron ƙofar lekol ya faɗo kaina, na ga abin da ban saba gani ba. Wani uba da kullum yake kawo ƴaƴansa cikin mota ya iso bisa moto, yara biyu a bayansa, ƙaramar a gabansa bisa tanki. Jim kaɗan sai ga wani ɗalibina na ajin CM2, wanda da ƙyar ƙafarsa take taɓa ƙasa, shi ke tuƙa moton gidansu, ƙannensa biyu sun riƙe masa riga. Na ce masa ina babanka? Ya ce: "Mushe, Baba ya ce in shi zai kawo mu ya koma, ya dawo ya ɗauke mu, man ba ya isa. In na tuƙo, moton yana kwana nan har a tashi."

A makon nan babu abin da ya canza a gidajen man Nijar, lita tana nan a sefa 540. Abin da ya canza a Abuja ya faru, ranar 29 ga Mayu, lokacin da sabon shugaban Najeriya, Bola Tinubu, ya sanar a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin mai ya ƙare. Yaya aka yi magana ɗaya a Abuja ta sa yaro ɗan shekara 13 ya riƙe kan moto a Maraɗi? Amsar tana cikin tarihin shekara 50 na mu'amalarmu da mai. Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, tsadar mai ba ta hana mutane tafiya. Yadda suke tafiyar take sakewa, kuma akwai tsimin da ke ceton rai, akwai wanda ke cin rai.

Lokacin da mota ta gwamnati ce da alhazai

A zamanin iyayenmu, talaka bai san farashin lita ba, don ba ya da abin zuba ta. Tafiyarsa a ƙafa take, ko bisa jaki, ko amalanke, mai hali ya hau keke. Manyan motocin da ake gani na ɗaukar gyaɗa ne zuwa Kano, inda jirgin ƙasa ya iso tun 1911. Ƙananan motoci kuwa na ma'aikatun gwamnati ne da ƴan tsirarun alhazai.

Saboda haka babban rikicin mai na 1973 bai same mu kamar yadda ya samu Turawa ba. A watan Oktoban shekarar, ana cikin yaƙin Larabawa da Isra'ila, ƙasashen Larabawa masu mai suka rage abin da suke haƙowa, suka hana sayar wa Amurka da Holan. Cikin ƴan watanni gangar ɗanyen mai ta tashi daga kusan dalar Amurka 3 zuwa kusan 12. A Holan aka hana fitowa da mota ranakun Lahadi, yara suka riƙa wasa bisa manyan hanyoyi. A Amurka, cikin Janairun 1974, aka kafa dokar cewa kada kowa ya wuce gudun mil 55 a sa'a, wato kusan kilomita 89. Mu riƙe wannan dokar, za mu dawo kanta.

A Nijar kuwa shekarun nan na fari ne da yunwa, su ne suka kai ga juyin mulkin Seyni Kountché cikin Afrilun 1974. Tsadar mai ta iso wa talaka ne ta kuɗin mota da kuɗin tiyar hatsi, ba ta tankinsa ba. A 1977 gwamnati ta kafa kamfanin SONIDEP don ya riƙe shigo da mai da ajiyarsa. Ƙasar da ba ta da bakin teku, wadda manta yake ratso ɗaruruwan kilomitoci cikin tanka kafin ya iso, dole litarta ta yi tsada.

Haihuwar ruwa-ruwa

A ɗaya gefen iyaka labarin daban ne. Najeriya ta samu kuɗin mai mai yawa a shekarun 1970, ta ɗora tallafi, ta tsayar da farashi ɗaya a duk faɗin ƙasar. A 1980 aka buɗe matatar Kaduna. Lita mai arha ta zo har Katsina, Sakkwato da Daura. Mu kuma muna da iyaka ta kusan kilomita 1,500 da su. Daga Maraɗi zuwa Katsina, ta Ɗan Isa da Jibiya, kusan kilomita 90 ne, alhali zuwa Yamai ya haura 600. Ƙonni da Illela kuwa kamar unguwa da unguwa suke. Haka Magarya da Matamaye suke kallon Daura da Kano. Duk inda abu ɗaya yake da farashi biyu, kuma hanyar jaki ta haɗa wuraren biyu, ba sai an koya wa Bahaushe abin da zai yi ba.

A watan Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, ba a buɗe ba sai a Maris ɗin 1986. Rufewar ta haɗu da fari, har dattawanmu suka raɗa wa yunwar shekarar suna El Buhari. Manyan motoci suka tsaya, amma moto bai tsaya ba. Shi ke bin hanyoyin daji da mutum ko da kaya, kuma a garuruwan bakin iyaka irin su Ƙonni nan sana'ar kabu-kabu ta kafu. Daga 1986, da Babangida ya shigo da tsarin tsuke bakin aljihu, naira ta riƙa faɗuwa. Mai riƙe da sefa sai ya ga man Najeriya kusan kyauta. Jarkoki suka fara tsallakowa, aka jera buteli bisa tebur a bakin gudron, abin da muke kira ruwa-ruwa.

Girgiza ta biyu ta zo ranar 12 ga Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗin Faransa ɗaya da ke sefa 50 ya koma 100. Duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsalle, ga albashi ana bin gwamnati watanni. Waɗanda suka yi wayo a lokacin suna tuna motocin ma'aikata da aka ɗora bisa duwatsu a ƙofar gida, kaji suna kwana a ƙarƙashinsu. Mai mota ya sauko kan moto, matasan da suka gama karatu ba aiki suka shiga kabu-kabu. A nan ne wata ɗabi'a ta zauna mana har yau: mun daina cika tanki. Ana sayen mai daidai da tafiya, buteli ɗaya, rabin buteli, na dala 40. Direban taksi ya karɓi kuɗin fasinja na farko ya sayi man da zai kai shi.

A shekarun 2000 sai ga motocin Sin da na Indiya masu rahusa, irin su Kasea da Jincheng da Boxer. Moton da a dā sai babban ma'aikaci ya koma abin da manomi zai saya bayan kaka.

Arhar da ta gina mana rayuwa

Wannan shi ne wurin da ya kamata mu tsaya, don a nan ake yin kuskuren fahimta. Arhar mai ba tuƙi kaɗai ta sake ba, ta sake inda muke kwana da inda muke aiki.

Da na fito daga ekol normal aka tura ni ƙauye, daraktan da na tarar a can a garin yake zaune da iyalinsa, yana da gonarsa, shi ke rubuta wa mutane wasiƙa. Sai hutu yake shiga birni. Mu da muka zo bayansa, da zarar an samu moto bashi, sai aka bar iyali a birni, ana zuwa da safe ana komawa da marece. Ba don mun fi shi son birni ba ne, don buteli ya sa abin ya yiwu. Haka iyaye suka sa ƴaƴansu a makarantun kuɗi da ke ɗaya ƙarshen gari. Haka aka sayi filaye a bayan gari, nesa da kasuwa da likita, saboda "ai da moto". Mai lambu ya sayi injin ban ruwa. Duk waɗannan shawarwari ne na shekaru, kuma an yanke su ne bisa farashin da wata gwamnati, ba tamu ba, take biya wa ƴan ƙasarta.

Shi ya sa idan mai ya tashi mutane ba su iya rage tafiya nan take. Gidan ba ya tashi daga inda aka gina shi, lekol ɗin yaro ba ta matsowa. Abin da ya rage a hannun mutum shi ne yadda zai yi tafiyar.

Man gida ya zo, buteli bai tafi ba

Ranar 28 ga Nuwamban 2011 aka buɗe matatar SORAZ a arewa da Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana daga rijiyoyin Agadem, kashi 60 na kamfanin Sin, CNPC, kashi 40 na gwamnatin Nijar. Jama'a suka sa rai lita za ta faɗi ƙasa warwas. Ta sauko daga sefa 679 zuwa 579 a farkon 2012. Ƙungiyoyin farar hula da direbobin taksi suka yi ta ƙorafi, a farkon 2013 ta koma 540, ta kuma zauna nan fiye da shekara 10. Amma 540 ta fi ruwa-ruwa tsada nesa ba kusa ba. A unguwarmu mun sha sayen lita a kusan sefa 300. Sai aka wayi gari tankokin man Damagaram suna ratsa gari, mai moto kuma yana tsaye gaban tebur yana sayen na Najeriya.

An yi mana gargaɗi sau uku. A ranar farko ta 2012 Goodluck Jonathan ya cire tallafi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, zanga-zanga ta tilasta masa ya dawo da ita 97. A Mayun 2016 ta tashi daga naira 86.5 zuwa 145. A Agustan 2019 Najeriya ta sake rufe iyaka, a Nuwamba kuma ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Kowane lokaci buteli yakan yi tsada na ƴan makonni ko watanni, sai naira ta ƙara faɗuwa ko a samu sabuwar hanyar daji, komai ya koma kamar dā. Darasin da muka ɗauka shi ne a yi haƙuri, zai wuce. Kuskure ne.

2023 da abin da ya biyo baya

Wannan karon bai wuce ba. A Najeriya lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, ta kai 617 a Yuli, ta haura 1,000 a Oktoban 2024. A wajenmu buteli ya ninka, har ya zarce farashin gidan mai. Wata biyu bayan haka aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli, takunkumin CEDEAO ya biyo, iyaka ta rufe. Tebura da yawa suka kwashe, mutanen da suka shekara ba su leƙa gidan mai ba suka shiga layi.

A Yulin 2024 hukumomi suka rage lita daga sefa 540 zuwa 499, gazuwal kuma daga 668 zuwa 618. Sauƙi ne, amma ga wanda ya saba da 300, dala 100 ba arha ba ce. Sannan wata matsala ta fito fili: an gina SORAZ ne a lokacin da ruwa-ruwa yake ɗauke da babban kaso na abin da ƙasa ke sha. Da kowa ya dawo gidan mai, abin da matatar ke fitarwa ya kasa. A Maris ɗin 2025, cikin azumi, aka yi ƙarancin da ba mu taɓa gani ba tun buɗe matatar: layuka a Yamai da jihohi, mutane suna tura moto daga wannan gidan mai zuwa wancan, a bayan fage kuma lita ta haura jika. Malamai nawa ne suka rasa darasin safe suna cikin layi?

Tsimi iri biyu

Mu yi lissafin da ɗan CM1 zai iya. Malamin da ke koyarwa a ƙauye mai nisan kilomita 20, zuwa da dawowa 40 ke nan, kusan lita ɗaya a moto mai lafiya. Kwana 20 na aiki a wata, lita 20. A sefa 300, jika 6. A 499, jika 10 babu kaɗan. A lokacin da buteli ya kai 600, jika 12. Ga ɗan kwantaragi, wannan bambancin kuɗin cefanen kwanaki ne. Dole ya nemi inda zai rage.

Wasu hanyoyin ragewar alheri ne. Malamai biyu da ke bin hanya ɗaya suka haɗa moto, yau na wannan, gobe na wancan. Wasu suka koma kwana a ƙauye daga Litinin zuwa Jumma'a, yara suka riƙa samunsu da marece. Magidanci da ke fita sau biyar a yini ya koyi haɗa kasuwa da gaisuwa da ɗaukar yara a sawu ɗaya. Ana buga waya kafin a tashi, don kada a je a tarar mutum ba ya nan, ana aika kuɗi ta waya maimakon kai su da hannu. Kekuna suka fito daga ɗakin ajiya. Samarin da ke murɗa moto a banza don a ji ƙara sun ragu, haka ma wasan mota a wajen ɗaukar amarya.

Wasu hanyoyin kuwa rance ne da ake biya a asibiti. Na farko lodi: moton mutum biyu ya ɗauki biyar, birkinsa kuma ba a ƙara masa ƙarfi ba. Na biyu kashe inji a gangare. A mota wannan ganganci ne, don in inji ya mutu, birki yakan yi tauri bayan taka ɗaya ko biyu, sitiyari ya yi nauyi. Na uku jinkirta gyara: kuɗin da ya kamata a yi juyen baƙin mai ko a canza taya suɗaɗɗiya sun tafi cikin tanki. Na huɗu gaggawar masu sana'a. Ɗan kabu-kabu da ke biyan mai moto kuɗin yini, in mai ya cinye ribarsa, sai ya ƙara gudu don ya ƙara sawu. Motar tasha ta daɗe tana jiran ta cika maƙil, sannan direba ya rama lokacin a kan hanya. Na biyar shi ne wanda na gani a ƙofar lekol: miƙa wa yaro makulli.

Yanzu mu koma ga dokar Amurka ta 1974. An kafa ta ne don tsimin mai, amma abin da aka fi tuna ta da shi daban ne. A 1973 mutum kusan 54,000 suka mutu a haɗarin mota a ƙasar, a 1974 suka sauko kusan 45,000. Wani ɓangare saboda an rage tafiya ne, wani ɓangare saboda an rage gudu. Dalilin yana cikin darasin kimiyya na kolej. Iskar da ke tare abin hawa tana ninkawa huɗu idan gudu ya ninka biyu, don haka mai tsala gudu ya fi shan mai. Tazarar da birki ke buƙata kafin a tsaya ita ma tana ninkawa huɗu. Ke nan rage gudu tsimi ne da kariya a lokaci guda. Su sun ɗauki tsimin daga gudu, mu mun fi ɗaukarsa daga lodi da gyara da shekarun direba. Ba don sun fi mu hankali ba: a can hukuma ce ta zaɓa wa kowa hanyar tsimin, a nan an bar kowane magidanci da aljihunsa.

Abin da ke hannunmu

Farashin lita ba a ofishin darakta ake yanke shi ba, amma akwai abin da kwamitin COGES da ƙungiyar iyayen yara za su iya. Lekol ɗin da ake zuwa safe da marece tana ɗora wa uba sawu huɗu a yini. In aka yi rumfa da randar ruwa da babba ɗaya mai lura, yaran nesa suka zo da abincinsu suka yini, sawu biyu sun tafi. Iyayen unguwa ɗaya za su iya haɗa kuɗi a adaidaita guda da direban da aka sani, ko manyan yara su rako ƙanana a ƙafa cikin ayari. Makaranta tana da ikon cewa ɗalibin da bai kai shekarun tuƙi ba, ba zai shigo da moto ba, amma sai ta fara zama da iyaye an nemi mafita, in ba haka ba yaron zai ajiye shi a bayan katanga. Hukumomin ilimi kuma su duba nisan da suke tura malamai da batun ɗakin kwana a ƙauyuka, don malamin da mansa ya ƙare ranar Laraba, ajinsa ne ke biya ranar Alhamis.

Mu malamai kuma, lissafin lita da kilomita ya fi lissafin famfon da ke cika kwano amfani ga yaranmu. A sa su auna abin da moton gidansu ke sha da taya mai cikakkiyar iska da marar iska, su lissafa kuɗin sawu huɗu da na biyu a wata. Yaron da ya kai wa babansa wannan lissafi a takarda ya fi mu iya shawo kansa.

Shi kuwa ɗalibin nawa, na je na samu mahaifinsa bayan sallar la'asar. Bai yi musu ba. Ya ce: "Mushe, ka ga abin da nake samu a yini, ka gaya mini yadda zan yi." Muka zauna muka duba, ashe maƙwabcinsa yana wucewa ta ƙofar lekol kowace safiya da kujerar baya ba kowa. Aka shirya ya riƙa ɗauko ƙananan biyu, babban ya dawo kan keke. Yanzu yana kolej, kuma har yau da keken yake zuwa.